Yadda Ake Sayen Albam da Kayan Mawaƙan Koriya ta Intanet

Albam ɗin K-pop (waƙoƙin zamani na mawaƙan Koriya) guda ɗaya a shagunan intanet na Koriya ta Kudu yakan kama daga won 15,000 zuwa 25,000 a kuɗin ƙasar, abin da bai cika wuce dala 20 ba. Wanda ya ga wannan farashi sai ya ce ai abin da sauƙi. To, wannan kuɗinsa ne a Seoul. Kafin kwalin ya iso Kano, Yamai ko Kumasi akwai kuɗin dako, akwai abin da banki zai yanka wajen canji, akwai kwastam, kuma sau da yawa dakon kaɗai yakan fi kuɗin albam ɗin. Shi ya sa nake ganin daga ƙofar gidanka ya kamata ka fara lissafin wannan sayayya, ka yi baya-baya har ka isa shagon.

Ka fara sanin abin da kake saye

Abin da masoya K-pop ke kira albam ya wuce faifai a cikin 'yar roba. Kwali ne mai nauyi: littafin hotuna mai shafi 60, 80 ko sama da 100, faifan CD, sitika, wani lokaci fosta a ninke, sannan ƙaramin katin hoto mai faɗin milimita 55 da tsawon 85, kusan girman katin ATM. A kan katin nan ake duk rububin, domin ba ka san fuskar wa za ka samu ba sai ka buɗe. Ƙungiyar Seventeen tana da mutum 13, don haka mai neman katin mutum ɗaya a cikinsu sai ya yi sa'a. Wannan na daga cikin abin da ke kai cinikinsu inda yake kaiwa. A 2023 albam ɗinsu mai suna FML ya haura kwafi miliyan 6.

Sai batun kala-kala. Albam ɗaya yakan fito da bango uku, huɗu ko fiye. Waƙoƙin duk ɗaya ne, hotunan ne suka bambanta. Idan ka ga an rubuta Random kusa da sunan, shagon ne zai zaɓar maka. Idan ka ga Set, duka kalolin za a haɗo. Ka kula a nan: sayen Random guda uku ba ya nufin kala uku daban-daban za su zo, sai idan shagon ya faɗi haka a rubuce.

Akwai kuma ƙananan albam marasa faifai, irin su Weverse Albums, SMini da POCA. Kati ne kawai mai lambar QR ko ɗan ƙaramin guntun NFC, ka ɗora a waya ka saurari waƙoƙin ta manhaja. Ba su da nauyi ko kaɗan, suna zuwa da katin hoto, kuma ana lissafa su a jadawalin ciniki kamar manyan. Ga wanda ke nesa da Koriya kamar mu, waɗannan su ne mafi sauƙin dako. Amma idan littafin hotunan nan mai kauri kake so ka riƙa buɗawa, ba za ka same shi a cikinsu ba, don haka ka karanta jerin abin da ke cikin kwalin kafin ka danna komai.

Zaɓen shago

Shagunan iri biyu ne. Akwai na kamfanonin mawaƙan kansu. Weverse Shop na HYBE ne, a can ake samun kayan BTS, Seventeen, Enhypen da Le Sserafim. YG Select na kamfanin su Blackpink ne, SM mai su EXO, NCT da aespa yana da nasa, haka JYP mai su TWICE da Stray Kids. Akwai kuma shagunan da ke sayar da na kowa da kowa: Ktown4u, Makestar, Soundwave, Withmuu, YesAsia da ke Hong Kong, da manyan shagunan littattafai na Koriya irin su Aladin da Yes24.

Kafin ka ɓata awa guda kana zaɓe, ka yi wannan gwajin. Ka buɗe asusu, ka jefa albam ɗaya a kwando, ka wuce zuwa shafin adireshi, ka duba ko ƙasarka tana cikin jerin. Idan tana ciki, ka cike adireshin har kuɗin dako ya bayyana, sai ka tsaya, kada ka biya. Ka yi haka a shago biyu ko uku, ka rubuta jimillar kowanne a takarda. Za ka ga shagon da albam ɗinsa ya fi arha ba lallai ne shi ya fi arha a jimilla ba. Jerin ƙasashen yana canjawa, shagon da ya aiko wa ƙawarka bara zai iya cire ƙasarku bana, saboda haka gwajin nan ya fi tambayar mutane.

Idan burinka har da tallafa wa ƙungiyar da kake so, ka duba ko shagon ya rubuta cewa cinikinsa yana shiga Hanteo da Circle. Su ne jadawalai biyu na ƙidayar albam a Koriya. Hanteo yana ƙirga abin da shagunan da ke hulɗa da shi suka sayar, shi ne ake kallo a makon farko na fitowar albam. Circle kuwa, wanda ake kira Gaon kafin 2022, yana ƙirga abin da ya fita daga hannun masu rarrabawa. Albam ɗin da ka saya hannu na biyu ba ya ƙara musu komai a ƙidaya. Wanda ba ruwansa da jadawali ya wuce wannan.

Odar gaba da agogon Seoul

Ana buɗe oda makonni kafin albam ya fito, kuma waɗanda suka yi oda a lokacin sukan samu kyauta, yawanci ƙarin katin hoto. A shafin za ka ga an rubuta POB. Kowane shago da irin nasa katin, shi ya sa za ka ga mutum ya sayi albam ɗaya a wuri uku. Kyautar tana da ranar rufewa, kuma da agogon Koriya ake lissafi, wanda ke gaban na Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi da awa 8, yana gaban na Ghana da awa 9. Ƙarfe 6 na yamma a Seoul, lokacin da aka fi sakin sababbin waƙoƙi, ƙarfe 10 na safe ne a Kano. Idan aka ce za a rufe oda 11:59 na daren Lahadi, a wurinka wajen la'asar ne, kafin ƙarfe 4.

Abu ɗaya da ke tsayar da kaya ba tare da mutum ya sani ba: idan ka haɗa albam ɗin da ke ƙasa da wanda sai wata mai zuwa zai fito a oda ɗaya, yawancin shaguna ba sa aiko komai sai na ƙarshen ya fito. Idan kana da haƙuri wannan riba ce, dako ɗaya za ka biya. Idan kyautar ranar haihuwa ce kake so ta iso a kan kari, ka raba su.

Nauyi, inda kuɗin yake tafiya

Kamfanonin jigila ba nauyin sikeli kaɗai suke kallo ba, suna kallon girman kwali, sai su caje ka da wanda ya fi yawa. Lissafin da DHL da ire-irensa ke yi shi ne tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 40 da 30 da 20 zai ba da 24,000, a raba da 5,000, ya zama kilo 4.8, ko da auduga ce a ciki. Nan ne fosta ke cutar mutane. Ita kanta ba ta da nauyi, amma dogon bututun kwalin da ake naɗe ta a ciki yana ƙara girman kunshin, wasu shagunan ma daban suke cajinsa. Idan an ba ka zaɓi, ka ɗauki fosta a ninke, ko ka ce ba ka so gaba ɗaya. Layin ninki a jikin takarda bai kai kuɗin da za ka biya don kauce masa ba.

Abu na biyu, rabin kilo na farko shi ne mafi tsada. Dakon albam ɗaya da na albam huɗu ba su da nisa sosai da juna, saboda haka sayen guda ɗaya tilo daga Seoul shi ne mafi munin ciniki a wannan harka. Mafita ita ce odar haɗin gwiwa, wadda masoya ke kira GO. Tamkar watanda ce da ake yi lokacin Sallah: a haɗa kuɗi a sayi sa ɗaya, a yanka, kowa ya ɗauki kasonsa. Mutum ɗaya zai karɓi kuɗin mutum biyar ko goma, ya yi oda ɗaya, a raba dako bisa yawan kayan kowa.

Tsarin yana da kyau, amma a nan ne zumunci ke ɓaci idan ba a yi magana tun farko ba. A rubuta a zauren WhatsApp ɗin wa ya biya nawa, da canjin da aka yi amfani da shi a ranar. A faɗa wa kowa cewa biya biyu ne, na kaya yanzu, na dako da kwastam daga baya. A yanke yadda za a raba katunan kyauta tun kafin su iso, ko wanda ya riga biya ya riga zaɓa, ko a jefa ƙuri'a, domin idan katin mawaƙin da kowa ke so ya zo guda ɗaya, "Yaya, ai ni na fara faɗa" ba za ta raba gardama ba. Mai riƙe odar ya nuna rasit da lambar bibiya ga kowa. Idan kuma ba ka san shi ido da ido ba, ka nemi waɗanda suka taɓa karɓar kaya ta hannunsa, ka fara da ƙaramin abu.

Idan shagon ba ya aikowa ƙasarka, akwai kamfanonin da ke ba ka adireshi a Koriya, kamar Delivered Korea. Kayan su sauka a rumbunsu, su haɗa maka na shaguna daban-daban a kwali ɗaya, su turo. Ta wannan hanya ake sayen kayan hannu na biyu a kasuwar intanet ta Bunjang, haka ake yi da takwararta Mercari ta Japan ta hannun kamfanin Buyee. Sai dai suna da nasu caji, kuma ajiya kyauta tana da wa'adi.

Biya

Bankunan Najeriya da dama sun dakatar da aikin katin naira a shafukan waje tun wajen 2022, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi, kowanne da iyakar da ya gindaya. Ka tambayi bankinka iyakarka da canjin da yake amfani da shi kafin ranar oda. Katin asusun dala ya fi rashin matsala. PayPal ma yana aiki wajen biya a Najeriya, kuma yana da hanyar shigar da ƙorafi idan kaya bai zo ba, abin da tura kuɗi kai tsaye ba ya da shi. Masu sefa lissafinsu ya fi sauƙi ta wani ɓangare, tunda an ɗaure ta da yuro a kan 655.957, sai dai a duba cewa an buɗe wa katin sayayya ta intanet.

Idan biya ya maƙale, kada ka sake dannawa nan take. Ka duba shafin odarka da imel tukuna. Kuɗin da aka cira ba tare da oda ta shiga ba yakan dawo, amma yana iya ɗaukar kwanaki, kuma wanda ya danna sau uku zai zauna jiran kuɗi uku.

Adireshi

Ka rubuta shi da haruffan boko marasa lanƙwasa. Idan unguwarku Ƙofar Mata ce, ka rubuta Kofar Mata, domin ƙ, ɗ da ɓ sukan fito alamar tambaya ko 'yan akwatuna a takardar da ake liƙa wa kwali. Sunan da ka sa ya yi daidai da na katin shaidarka, da shi za ka karɓa. Lambar waya ta fara da +234 a Najeriya ba tare da sifilin farko ba, +227 a Nijar, +233 a Ghana, kuma ta zama wadda take kunne kullum, don mai kawo kaya kira yake yi kafin ya nemi gida. Lambar gidan waya ta Najeriya shida ce: babban gidan waya na Kano 700001, Kaduna 800001, Abuja 900001. Idan gidanku sai da kwatance ake gane shi, bayan masallacin Juma'a, lungu na biyu, ka yi amfani da adireshin ofis ko shagon wani ɗan'uwa da ke bakin titi, ko ka nemi a ajiye maka a ofishin kamfanin jigilar ka je ka ɗauka.

Hanyoyin aikowa uku ne a taƙaice. DHL, FedEx da UPS su ne mafi sauri da tsada, kuma kana ganin inda kaya yake a kowane mataki. EMS na gidan wayar Koriya yana tsakiya, idan ya shigo ƙasa gidan wayarku ne zai ci gaba da shi. K-Packet na ƙananan kaya ne da ba su wuce kilo 2 ba, ya fi arha, ya fi jinkiri. Kaya mai tsada ban yarda a bi da shi ta hanyar da ba ta da lambar bibiya ba, komai arharta. Ka kuma tuna Koriya tana tsayawa cak a bukukuwa biyu, Seollal a watan Janairu ko Fabrairu, da Chuseok a Satumba ko Oktoba.

Game da kwastam, a watan Satumba na 2025 Hukumar Kwastam ta Najeriya ta fara tsarin yafe haraji ga ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau 4 a shekara. Abin da ya haura haka ana iya cajinsa haraji da VAT na kashi 7.5 cikin 100, kuma kamfanin jigila yana iya ƙara nasa kuɗin aiki. Masu odar haɗin gwiwa su riƙe wannan adadi a rai lokacin da suke tara kaya. Kada ka roƙi shago ya rage darajar kaya a takarda. Ban da saɓa doka, idan kwalin ya ɓata, abin da aka rubuta shi za a biya ka. Duk kuɗin da aka ce ka biya ka nemi rasit, kuma saƙon tes da ya ce ka tura kuɗi wani asusun mutum don a saki kayanka, ka kira ofishin kamfanin ka tabbatar.

Sandar haske, riguna da jabu

Kowace babbar ƙungiya tana da sandar haskenta da ake ɗagawa a wajen wasa: ARMY Bomb ta BTS, Candybong ta TWICE, Caratbong ta Seventeen. Ta asali tana haɗuwa da manhajar ƙungiyar ta Bluetooth, a filin wasa kuma daga wuri ɗaya ake juya launin dubbansu a lokaci guda. Ta jabu za ta yi haske, amma ba ta kamo ƙafar ta asali idan aka zo haɗi da manhaja. Jabunta ta cika manyan kasuwannin intanet na kowa-ya-kasa, kuma alamar farko ita ce farashi: idan rabin na shagon kamfanin ne, ka bar ta. Ka duba ko sabon samfuri ne, don ana sabunta su. Yawancinsu batir AAA guda 3 suke ci, ba a haɗowa da shi, kuma ka cire shi idan ka gama, kada ya zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki.

Riga kuwa, kada ka dogara da harafin M ko L. Ka shimfiɗa rigar da ta yi maka daidai, ka auna ƙirji da tsawo da tef, ka gwada da santimitar da shagon ya rubuta.

Albam na asali da aka buga don kasuwar Koriya yakan ɗauki tambarin KOMCA, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar waƙa ta ƙasar, a bayansa. Katin hoto ne ya fi wuyar ganewa. Fakitin kati 50 a farashin banza da ake kira lomo ba na kamfani ba ne. Ba laifi mutum ya saya don ado idan ya san abin da ya saya, laifin shi ne a sayar masa da su a matsayin na asali. Idan za ka sayi kati ɗaya daga hannun wani, ka ce ya ɗauki bidiyonsa gaba da baya a ƙarƙashin haske, kusa da takarda mai sunansa da kwanan wata. Shafin Pocamarket ma an kafa shi ne don cinikin katunan, suna dubawa kafin su turo.

Akwai abin da nake so ƙannenmu su ji da kyau. Shaguna sukan shirya ƙuri'ar ganawa da mawaƙa ta kiran bidiyo, kowane albam da ka saya tikiti ɗaya ne. Waɗanda ke cin wannan ƙuri'a galibi gommai suke saye, wasu fiye, kuma babu tabbas. A 2024 an ga hotunan kwalayen albam da aka jibge a titi a Shibuya ta Tokyo bayan an zare abin da ake so a ciki, kuma ƙungiyar masoya ta Kpop4Planet, wadda aka kafa a 2021, ta daɗe tana kokawa da wannan ɓarna. Kuɗin makaranta ko jarin sana'a bai kamata ya shiga nan ba. Mai son katin mutum ɗaya ya sayi katin kai tsaye ko ya yi musaya, ya fi masa arha nesa ba kusa ba.

Ranar da kwali ya iso

Kafin ka sa reza, ka jingina waya ka kunna bidiyo. Ka nuna takardar adireshi, ka juya kwalin ta kowane gefe, sannan ka yanka, ka fito da kaya ɗaya-ɗaya ba tare da ka tsayar da ɗaukar ba. A watan Agusta na 2024 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Koriya ta ci tarar kamfanoni 4 masu sayar da kayan mawaƙa saboda tsauraran sharuɗɗan mayar da kaya, har da dagewa a kan sai an kawo irin wannan bidiyo. Duk da haka, daga nisan da muke, shi ne hujjar da ta fi saurin kashe magana idan kati ya ɓace ko faifai ya tsage. Ka tura ƙorafi cikin kwanakin farko, da lambar oda da hotuna. Ɗan lotsewar kwalin waje shaguna ba sa ɗaukarsa aibi, sun ce kariya ce kawai.

Katunan kuma ka sa kowanne a 'yar ledarsa tun ranar, sannan a kundin ajiyar katuna marar sinadarin robar PVC, don shi yakan manne da hoto idan zafi ya yi yawa. Albam a jera su tsaye, nesa da taga, rana tana kashe launin bango cikin 'yan watanni. Da hunturu ƙura ce matsalar, akwati mai murfi ya isa. Da damina a jefa 'yan ƙullin silika ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi, don kada shafukan littafin su sha danshi su manne.